"Dark horse": Wane doki ne wannan da jaridun Turanci ba sa gajiya da ambatonsa?

Da zarar zaɓen fid da gwani ya ƙarato, ko an fara shirin Gasar Cin Kofin Afirka, akwai tambayar da ba ta barin bakin masu sharhi da Turanci: wane ne "dark horse" a wannan karon? Wasu masu fassara sukan ɗauko maganar ɗanya, su rubuta cewa an kira wane "baƙin doki". Daga nan sai gardama ta kaure. Magoya bayansa su ce an zage shi, 'yan adawa su yi ta murna an yi masa habaici, alhali ko ɗaya ba a yi ba. Shin maganar yabo ce, ko raini, ko hasashe? Kuma me ya kawo doki cikin zancen akwatin zaɓe da filin ƙwallo?

Duhun yana idon 'yan kallo

Idan Bature ya kira wani "dark horse", yana nufin mai shiga gasa wanda jama'a ba su san iyakar ƙarfinsa ba, ba a sa shi a lissafin waɗanda za su ci ba, amma akwai alamar zai iya shammatar manya. Dole a sami gasa, dole a sami rashin sani daga wajen masu kallo, kuma dole mutumin ya kasance da ƙarfi na gaske a ɓoye. In babu ƙarfin nan, to ba shi ake nufi ba.

Kalmar "dark" ce ke rikita mutane. A nan ba launi take nufi ba, duhu take nufi, irin duhun da ke hana ka ganin abin da ke gabanka. A Turancin ƙarni na 19, idan an ce a ajiye magana cikin duhu, ana nufin a rufa asirinta. Saboda haka dokin da ake magana a kai zai iya zama kili fari fat, ko danda, ko akawal. Abin da ya haɗa su kawai shi ne ba a san gudunsu ba.

Fassarar "baƙin doki" ta fi yin ɓarna a Hausa saboda nauyin da baƙi yake ɗauke da shi a bakinmu: baƙin hali, baƙin jini, baƙar aniya, baƙin ciki. Duk Bahaushen da ya ji an jingina wa gwaninsa baƙi, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne mugunta ko rashin sa'a. Ga kuma matsalar waya: idan ba a sa lanƙwasar "ƙ" ba, sai ya koma "bakin doki", wato inda ake sa linzami. Larabawa ma sun ɗauki maganar kai tsaye, masu sharhin ƙwallonsu na cewa "al-hisanul aswad", sai dai su yawan amfani ya sa kowa ya gane abin da ake nufi. A Hausa ba a kai nan ba.

Daga filin sukuwar Ingila

Asalin maganar yana cikin sukuwar dawaki ta Ingila, kuma in ana son gaskiya, yana cikin cacar da ke tare da ita. Garin Newmarket shi ne cibiyar horar da dawakin tsere tun ƙarnuka da dama, sannan tun 1780 ake gudanar da tseren Derby a Epsom, wanda dawaki 'yan shekara uku kaɗai ke shiga. Masu karɓar caca suna yanka wa kowane doki farashi gwargwadon abin da aka sani a kansa: wane ne ubansa, wace goɗiya ce ta haife shi, tsere nawa ya ci a baya. Dokin da kowa ya yarda da shi, ribar da ke kansa kaɗan ce. Wanda ba a sani ba kuwa, in ya ci, wanda ya zuba kuɗi a kansa zai kwashi ninkin ba ninki.

Ka ga ke nan mai doki yana da dalilin ɓoye gudun dokinsa. Sai a riƙa gwada shi da asubar fari, nesa da idon jama'a, a ja wa yaran barga kunne kada kowa ya buɗe baki. A ɗaya gefen kuma aka sami masu sana'ar leƙen asiri, waɗanda ke laɓewa a bayan shinge da madubin hangen nesa, su ga dokin da ya fi sauri, su kai labari inda za a biya su. Dokin da ya kuɓuce wa waɗannan mutane har ranar tsere, shi ne yake "cikin duhu".

Misalin da aka fi kawowa na farkon bayyanar maganar a rubuce shi ne littafin ƙagaggen labari mai suna The Young Duke, wanda Benjamin Disraeli ya fitar a 1831, shekaru da yawa kafin ya zama Firaministan Birtaniya. A ciki ya siffanta wani tsere inda dawakin da ake ji da su suka ɓace, wani doki da ba wanda ya ko tuna da shi ya wuce gaban rumfar manyan baƙi ya lashe. Yadda ya ambaci maganar ba tare da bayani ba na nuna cewa mutanen filin sukuwa sun riga sun saba da ita.

Ɓoye-ɓoyen nan wani lokaci yakan zarce ya zama zamba tsagwaronta. A tseren Derby na 1844 wani doki da aka shigar da sunan Running Rein ya zo na ɗaya. Daga baya ta bayyana cewa wani doki ne daban mai suna Maccabeus, ɗan shekara huɗu, aka sauya wa suna aka cusa shi cikin 'yan shekara uku. Magana ta kai kotu, alƙali ya ce a kawo dokin a duba haƙoransa, sai aka wayi gari doki ya yi ɓatan dabo. Aka miƙa nasarar ga Orlando, wanda ya zo na biyu. Wanda ya tsaya kai da fata wajen tona asirin shi ne Lord George Bentinck, abokin siyasar Disraeli ɗin nan. Irin wannan ɓoye-ɓoyen kan iya sa maganar ta ɗauki ɗan ƙanshin zargi: wanda aka ɓoye, akwai mai ɓoye shi, kuma yana da abin da zai ci.

Yadda ta tsallaka cikin siyasa

A wannan shekarar ta 1844 ce kuma Amurka ta ga mutumin da tarihi ke kira ɗan takarar shugaban ƙasa na farko irin wannan. Jam'iyyar Democrat ta yi babban taronta a Baltimore cikin watan Mayu. Wanda ake ganin tikitin nasa ne shi ne Martin Van Buren, tsohon shugaban ƙasa. Amma ya riga ya fito fili ya ƙi amincewa da haɗe Texas, wadda a lokacin ƙasa ce mai zaman kanta, da Amurka nan take, abin da ya ɓata shi da wakilan Kudu. Abokan hamayyarsa suka tabbatar da ƙa'idar cewa sai mutum ya sami kashi biyu cikin uku na ƙuri'un wakilai. A zagayen farko Van Buren ya sami rinjaye, amma bai kai adadin ba. Aka yi ta maimaitawa, ƙuri'unsa na zagwanyewa, na abokin takararsa Lewis Cass na ƙaruwa, amma shi ma bai kai ba. Mutanen Van Buren sun gwammace kowa ya samu ban da Cass.

Sai a zagaye na takwas sunan James K. Polk ya fara samun ƙuri'a, a na tara aka ba shi tikiti. Shi da kujerar mataimaki yake nema. 'Yan jam'iyyar Whig, abokiyar hamayyarsu, suka riƙa yi masa ba'a suna tambaya, wai wane ne James K. Polk? Ya kayar da gwaninsu Henry Clay a babban zaɓe.

Abin lura, Polk ba baƙon siyasa ba ne. Ya riƙe Kakakin Majalisar Wakilai daga 1835 zuwa 1839, ya yi gwamnan Tennessee, sannan ya faɗi zaɓen gwamna sau biyu a jere, shi ya sa aka ɗauka tasa ta ƙare. Kuma yana da ubangida mai ƙarfi, tsohon shugaba Andrew Jackson. Bayansa abin ya zama kamar al'ada: Franklin Pierce ya sami tikiti a zagaye na 49 a 1852, James Garfield a zagaye na 36 a 1880, shi da ya je taron don ya gabatar da wani ɗan takara daban, sai Warren Harding a zagaye na 10 a 1920, bayan jiga-jigan jam'iyya sun kwana suna shawara a ɗakin otal a Chicago.

Duk labaran nan hanyarsu ɗaya ce. Manya biyu ko uku sun riƙe wa juna wuya, kowa ya fi ƙarfin a ture shi amma bai isa ya ture saura ba, sai a nemo wanda ba shi da abokan gaba da yawa. Sau da yawa rashin maƙiya ne jarinsa, ba yawan masoya ba.

A Amurka wannan ƙofa kusan ta rufe. Rabon da babban taron wata babbar jam'iyya ya wuce zagaye ɗaya wajen fid da ɗan takarar shugaban ƙasa tun 1952, kuma daga shekarun 1970 ƙuri'ar talakawa a zaɓen fid da gwani na jiha-jiha ce ke yanke hukunci. Shi ya sa ma'anar ta ɗan gusa: yanzu sun fi amfani da ita ga wanda ya taso daga ƙasa ya bi jihohi yana tara jama'a, kamar Jimmy Carter, manomin gyaɗa kuma tsohon gwamnan Georgia, a 1976.

Inda ake zaɓe da daliget kuwa tsohuwar hanyar tana nan da ranta, kuma Najeriya ta san ta. Bayan Majalisar Dattawa ta kashe batun tazarce a watan Mayun 2006, sunayen da ake ta ambata a PDP daban ne, ciki har da gwamnan Ribas na lokacin, Peter Odili. Gwamnan Katsina, Umaru Musa 'Yar'aduwa, mutum ne marar hayaniya wanda da yawa a Kudu ba su san ko muryarsa ba. A watan Disamba ya fito da tikiti a dandalin Eagle Square, da goyon bayan Shugaba Obasanjo. A Senegal ma, Bassirou Diomaye Faye ya fito daga kurkuku ranar 14 ga Maris 2024, aka yi zaɓe ranar 24, ya lashe tun a zagayen farko. Sunansa ne baƙo ga duniya, amma jama'ar jagoran adawa Ousmane Sonko da aka hana takara su ne suka ɗauke shi. Polk da Jackson, 'Yar'aduwa da Obasanjo, Faye da Sonko: in ka ji an kira ɗan siyasa da wannan suna, tambayi bargar da ya fito.

'Yan uwanta da ake cakuɗa su da ita

Siyasar Turanci cike take da aron kalmomin tsere. "Front-runner" shi ne wanda ke kan gaba. "Neck and neck" ana faɗarta idan biyu sun yi kankankan. "Also-ran" shi ne ɗan rakiya, wanda ya shiga amma ba a ko ambace shi cikin na gaba ba. Waɗannan ba su da wuyar ganewa. Biyu ne ke rikita mutane.

Na farko "underdog", wanda asalinsa daga faɗan karnuka ne, wato karen da aka danne. Shi an san shi sarai, kuma an san ba shi da ƙarfin abokin karawarsa. Idan ƙaramar ƙungiya ta haɗu da Real Madrid, ba wani sirri a ciki, ƙarfi ne bai zo ɗaya ba. Na biyu "long shot", wanda damarsa ta yi nisa ƙwarai, sai dai in an yi gamon katar.

Tseren tsallake shinge na Grand National na 1967 a Aintree ta Ingila ya nuna bambancin ƙarara. Wani doki mai suna Foinavon, wanda duk wanda ya zuba fam 1 a kansa zai ci 100, yana can baya ana ta barinsa. A shinge na 23 wani doki da ya riga ya yar da mahayinsa ya gitta gaban sauran, aka yi karo, dawaki suka cushe wuri ɗaya, mahaya suka zube. Saboda Foinavon yana nesa a baya, mahayinsa John Buckingham ya sami sararin ganin abin da ke faruwa, ya kauce ta gefe, ya tsallake, ya tafi abinsa har ya ci. Wannan ba ɓoyayyen ƙarfi ba ne, rabo ne ya rantse. Har yau shingen yana ɗauke da sunan dokin.

Haka Leicester City da ta lashe gasar Firimiya ta Ingila a kakar 2015 zuwa 2016. Kamfanonin caca sun sa mata 5,000 a kan 1 kafin a fara, don da ƙyar ta tsira daga faɗawa ƙaramin rukuni a kakar da ta gabata. Ba wanda ya kira ta "dark horse" a watan Agusta, domin ko kallonta ba a yi ba. Wanda ya fi dacewa da sunan shi ne irin Zambiya a Gasar Cin Kofin Afirka ta 2012: ƙungiya mai tsari, 'yan wasan sun daɗe tare, amma hankalin kowa na kan Kwaddibuwa ta su Drogba da kuma Ghana. Ta fitar da Ghana a wasan kusa da na ƙarshe, ta doke Kwaddibuwa da ci 8 da 7 a bugun fenariti a Libreville, garin da jirgin tawagarta ya faɗi a gaɓarsa a 1993. Maroko a Gasar Cin Kofin Duniya ta Qatar a 2022 ma haka: ƙarfin yana nan, masu lissafi ne ba su ƙirga shi ba.

A hirar yau da kullum

Mutanen Birtaniya suna da wani amfani na daban da ba ya buƙatar gasa ko kaɗan. A ce akwai wata ma'aikaciya a ofis, shiru-shiru, daga teburinta sai gida. Ran nan a wajen walimar ƙarshen shekara ta karɓi makirfo ta rera waƙa, kowa ya saki baki. Ko wani abokin aiki da ba a taɓa jin yana neman aure ba ya shigo da katin gayyata. Abin da za a ce wa kowannensu cikin raha shi ne, "You're a dark horse!" Ma'ana, ashe haka kake, ka iya ɓoye abu. Akwai yabo a ciki, akwai ɗan ƙorafin an ɓoye mana, amma babu zagi. Amurkawa ba su cika amfani da ita haka ba, sun fi barin ta a siyasa da wasanni da gasar kyaututtuka.

Wajen mayarwa Hausa, babu kalma ɗaya da za ta ɗauki duka. A labarin siyasa, "wanda ba a sa a lissafi ba" ko "wanda zai iya ba da mamaki" sun wadatar, in kuma daga rikicin manya ya fito, "ɗan takarar maslaha" ya fi faɗin gaskiya. A ƙwallo ana iya cewa ƙungiyar da za ta iya yin ba-zata. Karin maganar da ta fi kusa ita ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, ko da yake ita raini take nunawa, ita kuwa ta Turancin rashin sani ne ginshiƙinta. A wajen hira kuwa, "ashe kai ma ba dama" ta gama komai.

Masu ganin amfaninta da masu ganin yaudara

Masu kare maganar suna cewa tana tuna wa jama'a cewa ba a gama zaɓe a shafin jarida ba. Ɗan takarar da ba shi da kuɗin talla, in aka kira shi da wannan suna, 'yan jarida za su fara nemansa, masu ba da gudummawa su waiwaye shi, mai ƙuri'ar da ke tsoron asarar ƙuri'arsa ya sake tunani. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa 'yan siyasa ke son a liƙa musu ita. Wasu ma yaransu ne ke rubuta sharhin su kai wa jarida.

Masu suka suna da hujjoji da, a ganina, sun fi nauyi. Sun ce irin wannan harshe yana mayar da zaɓe tsere: wa ke gaba, wa ke baya, wa zai shammaci wa, a bar maganar abin da mutum zai yi da wutar lantarki ko makarantu in ya hau. Sannan wanda ba a sani ba, ba a bincike shi ba. Manyan 'yan takara sun sha tonon silili shekara da shekaru, shi kuwa ya shigo ta ƙofar baya da farar riga. Wani lokaci a dace, wani lokaci a'a. Polk ya cika kusan duk abin da ya sa gaba cikin wa'adi ɗaya, ko da yake har da yaƙin da ya ƙwace wa Meziko ƙasa mai faɗi. Pierce da Harding kuwa masana tarihin Amurka suna jera su cikin shugabanni mafi rauni, kuma gwamnatin Harding ta bar abin kunyar cin hanci na rijiyoyin man Teapot Dome.

Akwai kuma wani tufka da warwara a cikin maganar kanta. Idan masu sharhi goma sun haɗu a kan cewa ƙungiya kaza ce "dark horse", to ina duhun? Kafin gasar Euro 2020, wadda annobar korona ta sa aka buga a 2021, kusan kowane mai sharhi a Turai Turkiyya yake nunawa. Italiya ta ba ta 3 da nema, Wales ta ba ta 2 da nema, Switzerland ta ci ta 3 da 1, ta koma gida da ƙwallo ɗaya tak ba maki. Muna tuna Denmark ta 1992, wadda aka kira ana saura kwanaki kaɗan a fara bayan an dakatar da Yugoslabiya, ta je ta ɗauke kofi, muna tuna Girka ta 2004, amma ba mai riƙe lissafin ɗimbin waɗanda aka yi wa wannan kirari suka faɗi tun a rukuni.

Inda abin ya fi taɓa aljihun talaka shi ne caca, wadda dama daga cikinta maganar ta fito. Ban da hukuncinta a addini, wanda kowa ya sani, lissafin kansa ba ya goyon bayan mai yi. Tun 1949 wani masani a Amurka, Richard Griffith, ya nuna cewa masu caca a tseren dawaki suna zuba kuɗi fiye da kima a kan dawakin da damarsu ta yi nisa, kuma bincike da yawa bayansa sun sake tabbatar da hakan: a jimlace, masu bin irin waɗannan dawaki sun fi kowa asara. Kamfanonin cacar ƙwallo da suka cika wayoyin matasa sun san wannan sarai. Shi ya sa labarin Leicester ba ya tsufa a bakinsu, kuma shi ya sa suke kwaɗaita wa yaro ya haɗa wasa goma ko goma sha biyar a tikiti ɗaya, inda wasa ɗaya in ya saɓa, kuɗin duka sun tafi.